Daga Igiyar Magini zuwa Zanen Kwamfuta

Fitar da siffa mai lanƙwasa daga abu miƙaƙƙe tsohon aiki ne a ƙasar Hausa. A ƙauyukan Aguie, Gazawa da Gidan Rumji na Jihar Maraɗi, mai son gina kago ko rumbu yakan kafa turke, ya ɗaura masa igiya, ya kewaya yana jan layi a ƙasa. Da'irar da ta fito ita ce tushen gini. Awon gargajiya daga jiki yake: taƙi, kamu da gaba. Sauran kuwa ido ne da hannu, musamman a rumbun ƙasa, wanda ake ɗagawa ɗauri bayan ɗauri, cikinsa ya buɗe, wuyansa ya tsuke.

Inda gwanintar ta kai ƙarshe shi ne bakan gizo. Azarar giginya miƙaƙƙiya ce, ba ta kuma jure nauyin rufi idan tazara ta wuce kusan mita 2. Maginan birane suka warware matsalar da dasa azara cikin bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta tana karkata ciki, a ɗaure da igiya, a shafe da ƙasa, har ɓangarori biyu su haɗu a sama. Mai kallo baka guda yake gani sumul, alhali gajerun itatuwa ne a ciki. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), shi ne fitaccen misali. A wannan zamanin ne kuma Gobirawa suka kafa Tibiri, bayan yaƙin Gawakuke na 1836.

Masu binciken zanen kwamfuta sun ci karo da irin wannan matsala a masana'antar mota. A 1959 Paul de Casteljau na kamfanin Citroën a Faransa ya samo hanyar fitar da lanƙwasa ta rarraba miƙaƙƙun layuka sau da yawa, Pierre Bézier na Renault kuma ya yaɗa irin wannan lanƙwasa a shekarun 1960. A 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, manhajar da ake zane da ita kan allon kwamfuta. Har yau yawancin siffofin da kwamfuta ke nunawa ƙananan alwatika ne aka harhaɗa.

Daga baya fannin ya waiwayi ginin ƙasa. Shirin Zamani na Jami'ar Cape Town ya auna masallatan Jenne da Timbuktu da hasken leza, ya adana siffarsu. Sorayen Tibiri da rumbunan Gazawa sun cancanci irin wannan awo, don siminti da kwano na maye gurbinsu, damina kuma na cin waɗanda aka daina yi wa yaɓe. Aikin bai fi ƙarfin ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ba, muddin za su fara tun tsofaffin magina suna raye.