Tarihin filtar ND mai juyawa: daga tagar wata fada a Paris zuwa idon kamarar wayarka



Ka taɓa ɗaukar bidiyo da rana tsaka, a wajen ɗaurin aure ko filin ƙwallo, ka dawo gida ka kalla sai ka ga motsin mutane yana karkatsewa, ba ya tafiya sumul kamar na fim? Idan ka tambaya, za a ce maka ka nemi filtar ND mai juyawa, wato gilashin nan da ake maƙalawa a idon kamara, kana murza shi haske yana raguwa. Shawarar daidai ce. Amma ni na taɓa sayen wata mai araha, na ɗauki bikin abokina da ita, da na buɗe bidiyon sai ga wani baƙin tabo mai siffar X kwance a kan fuskar ango. Biki kuwa ba a maimaita shi. Wannan takaicin ne ya sa na bi diddigin abin, sai na tarar ashe kullum ina riƙe da asalinsa a shago.

Duk mai gyaran waya da ya taɓa ɓare sikirin na LCD ya san wata leda mai ruwan toka da ke manne a jikinsa, wadda muke kira folaraiza. Idan ka cire ta, sikirin zai kama amma fari fat za ka gani. To ka samu guda biyu, ka ɗora ɗaya a kan ɗaya, ka ɗaga su sama kana juya ta gaban a hankali. Za ka ga haske yana dusashewa har ya koma baƙi ƙirin. Wallahi filtar nan ke nan gaba ɗayanta: folaraiza biyu a cikin zobe.

Labarin ya faro ne a 1808. Wani injiniyan sojan Faransa mai suna Étienne-Louis Malus, wanda ya bi Napoleon yaƙin Masar, yana gidansa a Paris da yamma, sai ya leƙa hasken rana da ke dawowa daga tagogin fadar Luxembourg ta cikin wani dutse garai-garai da ake haƙowa a Iceland. Shi wannan dutse, komai ka kalla ta cikinsa biyu yake nuna maka. Amma da Malus ya juya shi, sai ya ga hoto ɗaya yana ɓacewa, ɗayan yana ƙara fitowa. Abin da ke faruwa shi ne, haske yana kaɗawa ta kowane ɓangare, amma idan ya bugi gilashi ko ruwa ya dawo, yawancinsa ɓangare ɗaya yake kaɗawa. Ka ɗauka igiya ce ka zura tsakanin sandunan ƙarfen taga: ka kaɗa ta sama da ƙasa, kaɗawar za ta wuce, ka kaɗa ta gefe da gefe, sanduna su tare ta.

A 1809 ya fitar da lissafin, kuma a nan nake so ka natsu, don shi ne yake bayyana halin filtarka. Idan folaraiza biyu suna fuskantar ɓangare ɗaya, ka juya guda digiri 45, rabin hasken ne kawai ya tafi. A digiri 60, kashi ɗaya cikin huɗu ya rage. A digiri 80, kusan ɗaya cikin 33. A digiri 85, kusan ɗaya cikin 130. Ka lura? A farko sai ka yi ta murzawa ba ka ga wani canji sosai ba, amma can ƙarshe, ɗan taɓi kaɗan sai hoto ya faɗa duhu. Ba lalacewa ta yi ba, haka lissafin yake tun sama da shekara 200.

Matsalar zamanin ita ce ba a da folaraiza mai faɗi. A 1828 William Nicol na Edinburgh ya yanka wancan dutse gida biyu ya sake manne shi, ya yi aiki, amma ƙarami ne kuma da tsada. Sai 1852, a Bristol ta Ingila, wani ɗalibin likita William Herapath ya ɗiga aidin a fitsarin karen da aka ba kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Eh, fitsarin kare, ba kuskuren rubutu ba ne. Sai ga wasu ƙananan ƙwayoyi kore masu sheƙi, waɗanda idan biyu suka gitta juna wurin yake yin baƙi. Herapath ya gane folaraiza ce, sai dai ƙwayoyin ƙanana ne, kuma da an taɓa su sai su farfashe. Haka aka zauna fiye da shekara 70.

Wanda ya warware ta matashi ne ɗan Amurka, Edwin Land, haifaffen 1909. Ya bar jami'ar Harvard bayan shekararsa ta farko, ya koma New York, da rana yana karatu a laburaren gwamnati, da dare yana saɗaɗawa ɗakin gwaje-gwajen jami'ar Columbia. Dabararsa mai sauƙi ce: tunda ƙwaya babba ta ƙi samuwa, a niƙe ƙananan su zama kamar allurai miliyoyi, a jera su duka su kalli ɓangare ɗaya a cikin leda. Ya nemi rajistar wannan ƙirƙira a 1929. Abin dariya, ba kamara ce a ransa ba. Burinsa shi ne fitilar mota ta daina kashe wa direban da ke tahowa ido da dare, kuma kamfanonin mota ba su taɓa karɓar abin ba har ya mutu. Kodak ce ta fara saye don yin filtar kamara, sannan masu tabarau. A 1937 ya kafa Polaroid, a 1938 kuma ya fito da sabon samfuri: ledar da ake ja ta miƙe sannan a rina ta da aidin. Irinta ce har yau a jikin sikirin ɗin da nake ɓarewa.

Ita kuwa ND ta asali, wadda ba a juyawa, hanyarta daban. Gilashi ne ko leda mai duhu da ke rage duk launuka daidai wa daida. Kodak ta sayi kamfanin Wratten na Ingila a 1912, kuma lamba 96 a jerin filtocinsa ita ce ND da masu fim suka daɗe suna aiki da ita. Lambar da ke jiki tana faɗa maka rabon: ND8 tana barin ɗaya cikin 8 na haske, ND64 ɗaya cikin 64.

To me ya sa masu fim suke rage haske tun farko? Saboda shota, wato abin da ke buɗewa haske ya shiga sannan ya rufe. A tsohuwar kamarar fim, faifai ne rabin da'ira yana juyawa, rabin lokaci a buɗe, rabi a rufe. Da fim mai magana ya zo a ƙarshen shekarun 1920, aka tsaya a kan hoto 24 a sakan, ke nan kowane hoto yana shan haske na 1/48 na sakan. Wannan yana barin ɗan shafi-shafi a jikin abin da ke motsi, kuma da shi idonmu ya saba. Shi ya sa ake cewa ka ninka: hoto 25 a sakan, shota 1/50, hoto 30, shota 1/60.

Kasuwar mai juyawa ta buɗe sosai ne bayan 2008, shekarar da Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka fara ɗaukar bidiyo. Manyan kamarorin bidiyo suna da ND a cikinsu, waɗannan kuwa na hoto ne, babu. Mutum yana tsakiyar aiki gajimare ya rufe rana, ba zai tsaya kwance gilashi yana ɗaura wani ba. Sai aka koma wa dabarar Malus da ledar Land.

A waya abin ya fi tsanani, don yawancin wayoyi ƙofar haskensu ba ta tsukewa, tana nan wajen f/1.8. Samsung ta gwada mai canzawa a Galaxy S9 a 2018, daga baya ta ajiye. Da rana tsaka, ko ka sauke ISO zuwa 50, dole wayar ta kai shota wajen 1/4000 kafin hoto ya daidaita. Don ka dawo da ita 1/60 kana buƙatar kusan ND64. Ke nan filtar da aka rubuta wa ND2 zuwa ND32 za ta yi maka da safe da la'asar, amma da azahar sai ta ɗan gaza.

Shi kuma X ɗin da ya ɓata min biki, daga nan ya fito: hasken da ke shigowa daga gefen hoto a karkace yake ratsa ledojin biyu, don haka idan sun kusa digiri 90 wani wuri yana rigan wani yin duhu. Ya fi muni a kamarar 0.5 mai faɗi. Haka kuma sararin sama kan fito rabi shuɗi mai duhu rabi fari, launin fata ya karkata zuwa rawaya ko kore. Sony ta kauce wa wannan murɗe-murɗen a kamararta FS5 ta 2015, inda ND ɗin take aiki da lantarki ta hanyar ruwan nan irin na cikin LCD, amma wannan ba kuɗin irinmu ba ne.

A ganina, waɗanda aka rubuta wa ND2 zuwa ND400 da ɗan kuɗi kaɗan, rabin lambar ado ce. Gara mai gajeren zango wadda zobenta yake tsayawa cak kafin ya kai wurin X, ko ma ND64 tsayayya guda ɗaya idan aikinka na rana ne. Kuma sai ka shiga Pro, ko manhaja irin Blackmagic Camera, ka kulle shota da ISO da daidaiton launi, in ba haka ba kana rage haske wayar tana ƙara ISO, hoto ya cika da yashi. Kada kuma ka kuskura ka kalli rana ko husufi ta cikinta, ba a yi ta don kare ido ba.

Kafin ka biya kuɗi, ka maƙala ta a wayarka nan gaban mai shago, ka saita farin bango, ka murza ta daga farko har ƙarshe. Inda ka fara ganin kusurwoyi suna duhu, ka sa alama da farin fenti ko ɗan tef, nan ne iyakarta.