Yadda Aka Koyi Gyara Bayanan Da Ba A Taɓawa

Tun da kwamitin TC39, mai kula da yaren JavaScript, ya janye shawarar shigar da Records da Tuples, wato bayanan da ba a sauyawa, a watan Afrilun 2025, tsohuwar gardama ta dawo tsakanin masu rubuta manhaja. Masu suka suna cewa bayanan da ba a sauyawa bayan an ƙirƙire su ɓarna ce kawai: don gyara lamba ɗaya a jerin miliyan sai ka kwafe jerin duka, tamkar mai rushe soro saboda azara ɗaya ta ruɓe. Wannan zargi ya daɗe da shan ƙasa, sai dai mutane ba sa bin tarihi.

Tushen abin yana cikin lissafin lambda na Alonzo Church, a shekarun 1930, inda suna in ya karɓi ƙima ba ya sake ta. Da John McCarthy ya fara yaren Lisp a MIT a 1958, sai aka ga dabara ta farko: in ka ƙara abu a kan jeri, sabon jerin yana riƙe tsohon a matsayin wutsiyarsa, ba a kwafi komai ba. Gyara a tsakiyar jeri ne ya zame ƙarfen ƙafa.

A 1986 Driscoll da Sarnak da Sleator da Tarjan suka fitar da bincike kan adana tsoffin siffofin bayanai, sannan Chris Okasaki ya tattara fannin a kundin digirinsa na Carnegie Mellon a 1996, wanda ya zama littafi a 1998. Jigon dabarar shi ne a jera bayanai a siffar bishiya. Za ka canza ganye ɗaya? Kwafi rassan da ke kan hanya daga saiwa zuwa ganyen kaɗai, sauran duka tsohuwar bishiya da sabuwa su yi tarayya a kansu.

Wasu na ba yaren Haskell, da ya fito a 1990, kambun yaɗa wannan salo. Wasu na cewa kwamfutoci masu ƙwaƙwalwa biyu ko huɗu ne suka tilasta shi wajen 2005, tunda abin da ba ya canzawa ba a rigima a kansa. Ni ban gamsu ba. Haskell ya yi fiye da shekara goma yana hannun malaman jami'a, kuma buƙata ba ta sa mutum ya rungumi abu mai nauyi. Araha ce ta yi aikin. A 2001 Phil Bagwell, a EPFL da ke Lozan, ya bayyana bishiya mai faɗi, kowane reshe da 'ya'ya 32. Tasa ma ana sauya ta kai tsaye. Rich Hickey ne ya ɗora mata kwafin hanya a yaren Clojure a 2007. Yi lissafin da kanka: 32 sau 32 sau 32 sau 32 ya ba da 1,048,576. Ke nan jerin miliyan hawa huɗu ne, gyara ɗaya kuwa rassa huɗu zai kwafa, gurabe 128. Daga nan yaren Scala ya ɗauka, Facebook ya saki Immutable.js a 2014.

Saura wahalar rubutu in bayanai sun shige cikin juna. Clojure ya magance ta da update-in, Haskell kuma da lens, bisa tsarin da Twan van Laarhoven ya nuna a 2009.

Janyewar TC39 matsalar JavaScript ce da injinansa. Duk mai cewa dole a kwafe miliyan don gyara ɗaya, labarin kafin 2007 yake bayarwa.