Ben Enwonwu da Siffar Ɗan Adam a Sassaƙa

Duk wanda ya doshi Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Legas zai yi arba da wata mace ta tagulla, doguwa siririya, ta ware hannuwa kamar mai shirin tashi sama. Sunanta Anyanwu, wato "idon rana" da harshen Ibo, kuma Ben Enwonwu ne ya ƙera ta tsakanin 1954 da 1955. Ƙirarta ba irin ta kowace mace mai rai ba ce, amma mai kallo bai taɓa shakkar cewa mutum yake gani ba. Yadda aka yi hakan ta yiwu shi ne abin da wannan maƙala za ta duba.

An haifi Enwonwu a Anacha a 1917. Mahaifinsa masassaƙi ne na gargajiya, kuma da ya rasu a 1921, yaron ya gāji kayan aikinsa. A makarantar gwamnati ya haɗu da wani malami Bature, Kenneth Murray, wanda ke hana ɗalibansa kwaikwayon zanen Turai, yana tura su ga rayuwar ƙauyukansu. A 1944 ya tafi Ingila, inda ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan. A can ne ya koyi awon gaɓoɓi da zaman tsoka a kan ƙashi.

To, sai dai a ganina awo kawai ya samo daga Turai. Motsin daga gida ya ɗauko shi. Tun yana yaro yake kallon rawar dodannin Ibo, musamman Agbogho Mmuo, inda maza ke sa fuskar katako su taka rawa a siffar 'yan mata. Jikin mai rawa ba ya zama wuri ɗaya balle a auna shi. Shi ya sa Enwonwu ke tsawaita wuya da hannuwa, ya lanƙwasa baya, ya matse ƙugu. A jikin Anyanwu ma bai yi ƙafafu ba sam, ya bar gangar jikin ta yi ta sirancewa har ta ƙare da tsini. Kanta kuwa ya ɗauko shi ne daga ƙirar tagullar Masarautar Benin.

Babban gwajin ya zo ne a 1956, lokacin da aka ba shi aikin mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ta kuwa zauna a gabansa da kanta. Da aka nuna aikin a Landan a 1957, wasu suka ce ya ba ta kamannin Afirka, musamman a leɓɓa. Abin mamaki, shekara hamsin kafin nan su Picasso sun ari fuskokin katako na Afirka sun sauya zanen Turai, aka kira hakan basira. Da ɗan Afirka ya kalli fuskar Baturiya da idonsa, sai magana ta tashi.

A 1964 ya ƙera Sango, gunkin tsawa na Yarabawa, don hedikwatar hukumar lantarki a Legas, wannan karon da ƙirar ƙato mai murɗaɗɗen jiki. A 1966 Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kyautar kwafin Anyanwu. Ya rasu a Legas a 1994.