Dandali, Filin Makaranta da Falo: Tarihin Wasan Yaranmu

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada shawararta cewa duk yaron da ke tsakanin shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla awa guda a kullum ta wasa ko aikin da zai sa shi haki da gumi. Da a ce an karanta wa kakanninmu wannan shawara da sun yi dariya, domin su damuwarsu ita ce yadda za a kamo yaro daga dandali a sa shi ya kwanta. Amma mu da muke zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas mun san ba abin dariya ba ne. Yana da kyau mu waiwaya mu ga ta inda abin ya bi har ya zo nan.

Zamanin dandali

A ƙasar Hausa ta dauri, aiki ne yake fara motsa jikin yaro tun kafin wasa. Da asuba ya tafi makarantar allo, hantsi ya kai abinci gona ko ya kora awaki kiwo, da yamma ya yo itacen da za a hura a karatun dare. Yarinya kuwa ga ɗebo ruwa a rijiya, ga surfe da daka, ga talla daga wannan unguwa zuwa waccan. Da damina babu hannun da ake raina wa aiki, ko da korar tsuntsaye ne daga gonar gero.

Idan kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, farin wata ya fito, sai dandali ya karɓi aikinsa. Kowace unguwa tana da nata, galibi a ƙofar gidan mai unguwa ko a wani fili da ke tsakiyar gidaje, inda tsofaffin da ke hira a dakali suke ganin kowa. Wannan shi ne sirrin dandali. Uwa tana cikin gida ba ta ganin ɗanta, amma hankalinta kwance yake, don ta san idon unguwa na kansa, kuma duk babban da ya ga ya yi ba daidai ba zai tsawata masa.

A nan maza suke yin langa, wasan da yaro zai riƙe ƙafa ɗaya ta baya ya yi ta tsalle da ɗaya, abokansa suna kare shi, abokan hamayya suna neman ka da shi kafin ya isa wurin sha. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi, alhali minti biyar na langa ya isa ya jiƙa riga. Akwai kokawa, wadda manoma suka fi shahara da ita, yara kuma suna kwaikwayon manya a kan yashi. Akwai dambe, wanda asalinsa na mahauta ne. Akwai ɓuya da tsere da ninƙaya a kududdufi. 'Yan mata suna da gaɗa, inda ake yin da'ira ana tafi da waƙa, ɗaya ta faɗo da baya sauran su tallabe ta su cilla ta sama, sannan ga carafke da 'yar gala-gala. In azumi ya kai goma sai tashe ya kankama, yara su yi ta zagaya gari gida-gida har dare ya raba. Labarin da Baba ta Karo ta bai wa Mary Smith, wanda aka buga a 1954, ya nuna irin matsayin da kiɗa da rawa da wasan dandali suke da shi a ƙuruciyar 'ya mace a ƙasar Zazzau tun ƙarshen ƙarni na 19.

Kada dai son baya ya rufe mana ido. Kududdufin da ya koya wa yara iyo shi ne ya ba da yawansu tsargiya, har wasu suka ɗauka fitsarin jini alamar balaga ce. Yarinya kuma wasanta gajere ne, ana ɗaura mata aure yake ƙarewa. Malamai da dama sun ƙi jinin wasan dare saboda cuɗanyar maza da mata, kuma ba a rasa dalili a cikin maganarsu ba.

Zuwan boko

Da Turawa suka kafa makarantunsu, tun daga wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, sai wasa ya sami sabon gida da sabuwar doka. Aka zo da fareti da ƙwallon ƙafa da guje-guje, aka sa musu lokaci a jadawali, aka ba malami usur. Turawan sun ɗauko wannan ne daga makarantun kwana na Ingila, inda aka yi imani cewa a filin wasa ake koyon biyayya da shugabanci. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ita ce uwa a wannan fage. A can wasan fayif, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya sami gindin zama. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya ƙware a kansa tun yana ɗalibi, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Kowace 24 ga Mayu, ranar bikin daular Ingila, 'yan makaranta kan fito su yi tsere a gaban sarki da Razdan ko Di'o.

Abin lura a nan shi ne duk makarantar da En'e ta gina, komai ƙanƙantarta, da filinta ake yanka ta. Ba a ɗauki fili a matsayin rarar ƙasa ba, ɓangare ne na makarantar kamar allo da benci. Aibin tsarin kuwa shi ne ya raina wasanninmu. Langa da gaɗa suka zama na ƙauyawa, ba su da gurbi a jadawali. Sai daga baya aka farga, aka shigar da langa da kokawa da dambe cikin gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun fi mu azama, domin tun 1975 suka mai da kokawa gasar ƙasa ta cin takobi, har yau kuma yaron Maraɗi ko Tawa yana da gwanin kokawar da yake son ya gada.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kawo alheri mai yawa, amma shi ne ya fara cin filin. Yara suka yi ambaliya, aka rasa inda za a sa su, sai aka riƙa dasa sababbin azuzuwa a gefen filin ƙwallo. Duk da haka yaron wancan lokaci da ƙafa yake zuwa makaranta, wani daga ƙauye mai nisan mil uku ko huɗu. Da matasan Nijeriya suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985, babu lungun da ba a kafa duwatsu biyu aka mai da su raga ba.

Yadda aka shige ɗaki

Talabijin ya iso Kaduna tun 1962, amma ya daɗe yana abin masu hali, kuma da yamma kawai ake buɗe tasha. Bidiyo ne ya sauya hirar dare. Daga 1990, lokacin da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka shiga gidaje, yaran da da za su fita gaɗa suka taru a ɗakin maƙwabta. Wayar salula ta zo a 2001, daga baya ta rikiɗe ta zama gidan kallo a tafin hannu. Acaɓa ya yawaita bayan matsin tattalin arzikin shekarun 1980, A Daidaita Sahu ya biyo baya, tafiyar ƙafa zuwa makaranta ta zama alamar rashi.

Sai dai a ganina ɗora laifin duka a kan waya sauƙaƙa wa kai ne. Yaro ba ya ƙin wasa in ya sami wuri da abokai da izini, kuma waɗannan ukun ne birni ya ƙwace. Sababbin unguwanni an yanka su fuloti-fuloti ba a bar dandali ba, inda aka bari a takarda kuma an wayi gari an ga shaguna. Gidan haya mai ɗaki biyu da falo ba shi da tsakar gida, titin ƙofar gida na motoci ne. Maƙwabci bai san sunan ɗan maƙwabcinsa ba, balle ya tsawata masa. Makarantun kuɗin da muke rububin kai 'ya'yanmu da yawansu gidajen kwana ne aka mayar azuzuwa, babu inda yaro zai yi gudun taku ashirin. Daga boko a wuce Islamiyya, daga nan malamin darasin gida yana jira. Sannan ga tsoro, wanda ba na banza ba ne. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 da na Jangebe a Fabrairun 2021, wane uba ne za a zarga don ya kulle ƙofa da magariba?

'Ya'ya mata abin ya fi shafa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsin da ya kamata, mata kashi 85, maza kashi 78. A wurinmu namiji ko ba komai zai sulale ya tafi ƙwallo. Ita kuwa 'yar birni an raba ta da rijiya da turmi, wanda ci gaba ne, an kuma raba ta da gaɗa, ba a ba ta komai a madadinsu ba. Ciwon sukari da hawan jini da a da ake kira cutar masu kuɗi ga su nan sun cika asibitocinmu, likitoci kuma sun tabbatar cewa zaman wuri ɗaya tun ƙuruciya yana cikin abin da ke share musu hanya.

Ƙungiyoyin ci gaban gari irin tamu sun saba auna aikinsu da yawan azuzuwa da rijiyoyin burtsatse. Filin tsohuwar firamaren gari ba ya shiga wannan lissafi, alhali shi ne dandali na ƙarshe da ya rage a garuruwa da yawa, kuma sau da yawa ba shi da shinge, ba shi da takardar mallaka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin amfani da su. Ke nan hanyar kare filin sananniya ce. A auna shi, a kafa masa duwatsun iyaka, a karɓo takardarsa da sunan makarantar, tun kafin wani ya riga mu zuwa ofishin ƙasa da safiyo.