Tarihin Maganin Kumburi: Daga Fadamar Guri Zuwa Ɗakin Bincike

'Yan uwana tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya tashi a Guri ko wani ƙauye na bakin kogin Haɗeja ya san bagaruwa. Majema suna jeme fata da ita, iyayenmu mata kuma sukan jiƙa 'ya'yanta a kurkure baki idan dasashi ya kumbura ko maƙogwaro ya yi ciwo. Sirrin abin shi ne wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, wanda yake tsuke nama. Nufina a wannan maƙala shi ne in nuna yadda irin wannan sani na gida ya zama tushen magungunan da muke saye a kemis.

Mu fara da asfirin. Tun zamanin da, mutanen Turai suna shan sassaƙen wata bishiyar bakin rafi mai suna wilo domin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. A 1828 wani masani a Jamus, Johann Buchner, ya ware sinadarin da ke cikinsa, aka sa masa suna salisin. A 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya haɗa wani dangin sinadarin wanda bai kai na farko cin ciki ba, aka fara sayar da shi a 1899. Sai a 1971 John Vane na Ingila ya gano cewa asfirin yana hana jiki yin sinadaran da ke haddasa kumburi da zogi. Wato an yi shekara saba'in da 'yan kai ana sha kafin a san yadda yake aiki.

A ƙasarmu kuwa, wani likitan Turawan mulki, J. M. Dalziel, ya tattara tsirrai da sunayensu a wurare irin su Katagum, maƙwabtanmu. Ya fitar da ƙamus na sunayen itatuwa da Hausa a 1916, sannan babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937. Har masana sun laƙaba wa bishiyar hano, ko ararrabi, sunansa. 'Yar uwar hano ta ƙasar Indiya kuwa, daga ƙaronta ake yin ƙwayoyin da ake sayarwa a Turai da Amurka don masu ciwon gaɓoɓi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanzamai da masu magani da suka ba Dalziel wannan ilmi ba su ne aka tuna da su ba.

Nijeriya ma ta taɓuka. Cibiyar NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan don masu amosanin jini, daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. Wannan ya nuna cewa abin da ke cikin rumbunmu yana iya shiga asibiti, muddin an gwada shi an san ma'auninsa. Rashin ma'auni shi ne raunin jiƙo, domin kowane magani idan ya wuce kima ya zama dafi.

Sai dai akwai abin tsoro. Bagaruwar fadama tana son ambaliyar shekara-shekara. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, kachala ta toshe hanyoyinsa, masu neman itacen girki kuma ba su huta ba. Dattawan da suka san saiwa da ganye su ma suna ta ƙarewa.

Shawarata ita ce, kowannenmu idan ya je gida ya zauna da dattijo ɗaya, ya rubuta sunan tsiro da amfaninsa da yadda ake haɗa shi, tare da sunan wanda ya faɗa. Da haka masu bincike na jami'o'inmu za su sami abin gwadawa, masu ilmin kuma su sami haƙƙinsu. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu dace, amin.