Digirin da ake karantawa a fagen annoba: yadda Najeriya ke horar da masu bin sawun cututtuka

Likitan asibiti mara lafiya ɗaya yake dubawa a lokaci guda. Masanin lafiyar al'umma kuwa gari guda ne majinyacinsa: wa ya kamu, a ina, yaushe, me ya haɗa su, kuma ta yaya za a tare cutar kafin ta bazu. Wannan fanni ana koyonsa ne bayan digiri na farko, kuma a Najeriya fitaccen tsarin koyar da shi shi ne shirin horar da masu bin diddigin cututtuka da ma'aikatan ɗakin gwaji, wanda aka fi sani da NFELTP.

Asalin shirin

An kafa shirin a 2008 da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, Ma'aikatar Gona, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, tare da tallafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC. An ɗauko samfurinsa ne daga rundunar binciken annoba da Alexander Langmuir ya kafa a waccan hukuma a 1951. Ƙungiyar AFENET, mai hedikwata a Kampala ta ƙasar Uganda, ita ce ke haɗa irin waɗannan shirye-shirye a nahiyar Afirka.

Yadda karatun yake

Babban matakin shirin shekara biyu ne, kuma ana kammala shi da digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin ne kawai ɗalibi ke yi a aji, inda yake koyon lissafin ƙididdiga, tsara bincike da sa ido kan cututtuka. Sauran kashi ukun a fagen aiki yake yinsu, a ma'aikatun lafiya na jihohi da wuraren da cuta ta ɓulla. Kafin ya kammala, dole ne ya binciki ɓarkewar cuta da kansa, ya auna ingancin wani tsarin kai rahoto, sannan ya rubuta kundin bincike.

Rukuni uku ake ɗauka: likitocin mutane, likitocin dabbobi da masana ɗakin gwaji. Dalilin haɗa su shi ne cututtuka da dama daga dabba suke tsallakowa zuwa mutum, kamar zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa, da murar tsuntsaye. Akwai kuma gajeren mataki na kimanin wata uku ga jami'an sa ido na ƙananan hukumomi, waɗanda su ne ke fara jin labarin cuta.

Zamfara, 2010

A farkon 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magani bai yi aiki ba. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Tawagar da ta haɗa da ɗaliban shirin ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu, ta gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. Tushen gubar shi ne duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurarsu tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Wannan bincike ya nuna cewa magani kaɗai ba zai wadatar ba, sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa kuma an fitar da niƙan daga gidaje. An ƙiyasta yara sama da 400 ne suka mutu a wannan iftila'i.

Legas, 2014

Ranar 20 ga Yuli, 2014, Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Ɗalibai da tsofaffin ɗaliban shirin suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin bin sawun duk wanda ya yi mu'amala da mai cutar. An sa ido kan mutum 894, aka kai ziyarar ido da ido kusan 18,500, ana auna zafin jikin kowannensu har kwana 21. Mutum 20 ne suka kamu, 8 suka rasu. Ranar 20 ga Oktoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta kau daga Najeriya.

Haka kuma, tun daga 2012 an tura waɗanda shirin ya horar zuwa ƙananan hukumomin Arewa don ƙarfafa rigakafin shan inna. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Abin da ya rage

A 2018 aka sa hannu kan dokar da ta bai wa hukumar NCDC cikakken matsayi, kuma da yawa daga cikin ma'aikatanta da jami'an annoba na jihohi 'ya'yan wannan shiri ne. Sai dai kaso mai tsoka na kuɗin horon daga waje ya riƙa fitowa, kuma ƙwararru na ci gaba da barin ƙasar. Ma'aunin da hukumomin lafiya na duniya ke amfani da shi shi ne ƙwararre ɗaya ga kowane mutum 200,000. A ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, hakan na nufin sama da ƙwararru 1,000, kuma samar da su da biyansu albashin da zai riƙe su nauyi ne da ke kan gwamnatin tarayya da na jihohi.