Waɗanda suka koya mana sa wa a-kori-kura ozilari

Mayar da a-kori-kura mai ja da baya ta koma tana ja da ƙafa huɗu aiki ne da ya girmi duk wani bakanike da ke raye a yau. A Amurka ya yi ƙarfi, lokacin da manyan kamfanoni ba su ga riba a cikinsa ba. Manomi da mai yankan katako suna neman motar da za ta fita daga taɓo, Ford kuwa masu ja da baya take ta ƙerawa. Sai kamfanin Marmon-Herrington na Indiyanafolis, wanda aka kafa a 1931, ya shiga karɓar sababbin motocin Ford yana sa musu aksil mai ja a gaba.

Ni dai a wurina gwanayen fagen su ne mutanen NAPCO na Miniyafolis. Ba su ce a kai musu mota ba. Kayan suke haɗawa a akwati, aksil ɗin gaba da ozilari da farfela biyu, su aika wa dillali ya ɗaura wa Chevrolet ko GMC. Huji huɗu kacal ake yi wa shasi, sauran duk ɗaurin noti ne. In motar ta tsufa, mai ita ya kwance kayansa ya mayar kan sabuwa. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne motocin wancan zamani sandar ƙarfe guda ce ke riƙe da tayoyin gaba a kan sifirin mai ganye. Ka sauke wadda ba ta ja, ka ɗora mai ja a gurbinta.

Da kasuwa ta buɗe, sai masu gida suka farka. GMC ta fara ɗaura kayan NAPCO tun daga masana'anta a 1956, Chevrolet ta bi a 1957. Ford ta soma haɗa nata a 1959. A 1960 kamfanin GM, mai Chevrolet da GMC, ya sake fasalin ƙafar gaba, kowace taya da hannunta, ya kuma ƙera nasa mai ƙafa huɗu, kayan NAPCO suka rasa wurin zama. Haka sana'ar take tun asali: ƙananan maƙera su nuna akwai masu saye, babban kamfani ya zo ya kwashe.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Wani Bafaranshe, Henri Dangel, ya buɗe masana'anta a garin Sentheim a 1980 yana mayar da ita mai ƙafa huɗu, har da a-kori-kurarta. Aikinsa ya fi na Amurkawan wuya, domin gaban 504 ba sanda ba ne. Sai da ya nema wa haƙoran raba juyi wuri kusa da inji, ya ja sanda zuwa kowace taya, ya ɗaga motar sama sosai. Duk wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin 504 ya san yadda wurin yake a matse, zai kuma jinjina wa mutumin nan.

Toyota ta fitar da Hilux mai ƙafa huɗu a 1979, daga nan aikinmu ya zama dashe. Mai mota ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ya sayo giyabos mai ozilari da aksil na Beljiyam, ya ajiye maka ya ce gobe yake son motarsa. A nan ake yin ɓarnar da ta fi ci mini rai. Dole lissafin haƙoran gaba da na baya ya zama ɗaya. A Toyota akwai mai haƙora 41 da 10, wato 4.10, akwai mai 41 da 9, wato 4.56, kuma daga waje ba ka bambance su. In aka haɗa su a mota ɗaya, a yashi tayoyi za su riƙa zamewa su ɓoye laifin. Ranar da direba ya hau ƙasa mai tauri da ozilari a ciki, gaba da baya su shiga jayayya kamar shanun huɗa da ba a horar tare ba, har sai wani haƙori ya karye. Buɗewa a ƙirga bai kai awa guda ba, amma da yawa ba sa yi.

Sai maganar sitiyari, wadda ta shafi rai. Shasin tsohuwar Hilux mai ja da baya daban yake da na mai ƙafa huɗu, ba shi da wurin rataye sifirin ɗin gaba. Wasu sukan kira mai walda ya ƙirƙiro, a yanka sandar sitiyari a ƙara mata tsawo. Ba na yarda a yi wannan a garejina, domin motar nan fasinja da buhuna za ta ɗauka ranar kasuwa. Abin da nake gaya wa mai mota shi ne, Alhaji, nemo wadda ta yi hatsari amma shasinta bai lanƙwashe ba, mu ɗauke bodinka da injinka mu ɗora a kai. Sannan ka je a gyara takardu, tunda lambar shasi ta canja.